Abin da Garma Ta Tono a Bakin Maritsa

Duk shekara in Blagoy ya kafa garma
a gonarsa ta bakin kogin Maritsa,
ƙasa takan amayo masa abin da ta haɗiya.
Ba dankali kaɗai ba.

Akwai gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonsa,
nan yake tara mantuwar matattu.

Ga bakin mashi na tagulla, ya yi kore shar.
Mai shi ba ya kisa sai ya ji numfashin wanda zai kashe,
har ya san ko tafarnuwa ya ci da safe.
Ga ƙusoshin takalmin wani sojan Rum,
goma sha ɗaya, sauran sun bi laka.
Ga zoben sulke uku,
har yau suna riƙe da juna,
sun fi sarakunansu cika alkawari.

Ga dunƙulen dalma, bai fi ɗan magarya ba.
Ranar da ya shigo duniya sulke ya koma kayan ado,
jarumi da matsoraci kuɗinsu ya zama ɗaya.
Kwanson harsashi kuwa,
ya daina sunkuyawa dominsa, ya yi yawa.
Hular kwano mai huji a goshi
tana bakin taga:
Velika ta shuka na'a-na'a a ciki kafin ta rasu,
hujin ne ke tsiyayar da ruwa.

Ran Laraba jikarsa Nevena ta zo sallama.
Ta zazzage jakarta a kan teburin cin abinci,
ta ture burodi da cuku gefe.
Riga mai faranti gaba da baya,
tabarau mai mayar da dare kore,
ɗamarar tsayar da jini,
batir, da batir, da wani batir ɗin,
sai ɗan jirgi marar matuƙi,
ƙarami kamar mazari,
mai hango mutum daga inda mutum bai san ana kallonsa ba.

Ta ce, "Kaka, mu ba ma haɗa ido.
A allo nake ganinsu, ɗigo-ɗigo,
kamar tururuwa a kan faranti."

Tsoho bai ce uffan ba.
Ya shiga rumbu, ya ɗauko sikelin auna alkama,
ya ce ta mayar da komai,
ya rataya jakar.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya a kilo talatin da biyu.

Ya yi irin dariyar da ta fi kuka ciwo.
"An sauya ƙarfe, an sauya wuta,
ba a taɓa sauya gadon baya ba.
Duk ran da kaya ya yi sauƙi
sai wani mai zama a inuwa ya ƙara wani.
Mangala ake canzawa, 'yata. Jakin yana nan."

Tana saɓa jakar wani abu ya faɗo,
ya yi ƙara a kan daɓe.
Cokali.

Blagoy ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya laluba can ƙasan gwangwani,
ya zaro wani, baƙi, lanƙwasasshe,
an karta masa alama da wuƙa a mariƙi
don kada abokin kwana ya ɗauke.
Ya jera su biyu a kan tebur.
Shekara nawa ke tsakaninsu, oho.
Bakinsu ɗaya, zurfinsu ɗaya,
daidai cin miyar yaro mai kewar gida.

Ya goge nata da gefen rigarsa,
ya danƙa mata, ya rufe yatsunta a kai.
"Wannan ki dawo mini da shi da hannunki.
Kada garma ta kawo mini."

Motar safe ta tafi da ita.
Ya koma gona, rana ta ɗaga,
ya tsaya a bakin kunya ta fari,
ya daɗe bai kafa ba.